Hambirkin maɓalli ya ƙi saki? Ga abin da za ku duba kafin a yanke muku waya

'Yan uwa na Agege da Idi-Araba da Mile 12, da na Sabon Ibadan da Shagamu, da mutanen Lokpanta da Ama Hausa ta Owerri da Fatakwal. Daga unguwar Turaki a cikin Jalingo nake rubuto muku. Mahaifina fataucin shanu yake yi, yana saye a kasuwar Iware da kasuwannin kan dutsen Mambila, yana lodawa zuwa Lokpanta. Ni ba injiniya ba ne, sakandare na gama. Abin da ya sa na ɗauki wannan magana shi ne yawancin motocin da ke shigowa gidajenmu a Arewa ta hannunku suke biyowa. Ku ne kuke zuwa Berger a Apapa ku taya, ku biya, ku ba direba ya kawo. To motocin yanzu da yawa ba su da hambirkin da muka sani, wanda ake ja da hannu ya yi ƙara. Wani ɗan maɓalli ne mai harafin P kusa da giya. Ranar da ya ƙi aiki, mutum sai ya rasa inda zai kama.

Abin da ya faru a gidanmu

Yayana da ke Agege ne ya saya wa Baba wata jif ta hannu, 'yar 2017, mai irin wannan maɓalli. Ta yi watanni lafiya lau. A damunar 2024, wadda gadar Namnai da ke hanyar Jalingo zuwa Wukari ta karye, motar ta sha taɓo da ruwa ba kaɗan ba. Wata safiya Baba zai tafi Iware, tirela na jiransa, dillalai na ta kira. Na tayar da mota, na taka birki, na danna maɓalli. Jar fitila ta hau ƙiftawa, wata ruwan ɗorawa ta kunnu. Na sa giya, mota ta yunƙura ta ƙi tafiya, tayar baya ta dama a ɗaure tamau.

Muka kira wani mai waya, irin waɗanda kuke ce wa rewaya. Ya shiga ƙarƙashi, ya jona batir kai tsaye, taya ta saki. Har nan bai yi laifi ba. Sai ya tashi yana kakkaɓe riga ya ce, "Alhaji, ƙwaƙwalwar ce ta ƙone, sai an aiko da wata daga Ladipo." Kuɗin da ya faɗa ya kai na ɗan bijimi. Baba ya ce a dakata tukuna. Shi kuma don kada birkin ya sake kamawa, sai ya yanke wayoyin tayoyin baya duka biyu, ya naɗe da baƙin tef, ya ce a riƙa sa giya a P, ya isa.

Bayan kamar sati uku, ƙanena ya dawo da motar da yamma. Ƙofar gidanmu akwai ɗan gangare. Ya bar giya a N, ya ja maɓallin kamar yadda hannunsa ya saba, ya sauka zai buɗe get. Fitilun nan kuwa dama kullum a kunne suke tun ranar da aka yanke waya, mun daina kallonsu. Mota ta silale da baya, ta tsallaka layi, ta daki dakalin maƙwabcinmu. A kan dakalin nan yara ke zama karatun allo bayan la'asar. Ranar Allah ya sa an tashe su da wuri saboda hadari ya haɗo. Fitilar baya kawai ta fashe.

Washegari Baba ya sa na kai ta wurin wani dattijon mai waya a garejin makanikai. Yini guda ya yi a kanta, ina tsugune ina miƙa masa kaya. Daga baya na yi watanni ina zuwa wurinsa idan babu lodi. Abin da na koya a nan, da abin da na karanta a littafin motar, shi zan faɗa muku.

Yadda abin yake aiki

Wannan birki ba sabon abu ba ne. Tun wajen 2001 ya fara fitowa a manyan motocin Turai irin su BMW 7 Series da Lancia Thesis, daga baya Audi A8, sai Volkswagen Passat ta 2005 ta yaɗa shi cikin motocin talakawa. Yanzu ya zo kan waɗanda muke saye: Honda Civic daga 2016, CR-V daga 2017, Accord daga 2018, Toyota RAV4 daga 2019, Lexus RX daga 2016, da Marsandi masu yawa.

Iri biyu ne. Na farko, moto ɗaya ne, wato ƙaramin injin lantarki, a cikin akwati a ƙarƙashin mota, yana jan igiyar ƙarfe zuwa tayoyin baya, kamar yadda hannunka ke yi a tsohuwar mota. Land Rover Discovery 3 irin wannan gare ta. Na biyu, wanda ya fi yawa yanzu, kowace tayar baya da nata moton, a manne a bayan kalifa, wato muƙamuƙin da ke matse faifan birki. Moton yana juya wani dogon sukuru, sukurun ya tura fistin, fistin ya matse takalmin birki a jikin faifai.

Abubuwa uku ne ya kamata ku riƙe a nan.

Na ɗaya, maɓallin da kake ja ba shi ke ba moto wuta ba. Saƙo kawai yake kai wa ƙwaƙwalwa. Ita ce za ta duba ko an taka birki, ko mota a tsaye take, ko batir na da ƙarfi, sannan ta saki wuta. A motoci da yawa na baya-bayan nan ma babu akwati na daban, aikin yana cikin ƙwaƙwalwar ABS.

Na biyu, ƙwaƙwalwar ba ta ganin taya. Da yawan wutar da moto ke sha take gane cewa birki ya kamu. Yayin da takalmi ya matse faifai, moto zai yi nauyi, ya ja wuta da yawa, sai ta yanke. Shi ya sa duk abin da ya taɓa ƙarfin wuta, ko raunin batir ko tsatsa a soket, yakan ruɗa ta.

Na uku, sukurun nan ba ya warwarewa da kansa. Idan birki ya kama, ko ka cire batir gaba ɗaya yana nan a kame. Wannan alheri ne idan ka ajiye mota a gangare. Amma idan batir ya mutu, ko tura motar ba za ka iya ba.

Fara da ido da kunne

Dattijon nan bai taɓa sifana ba sai da ya sa na kunna mota ya kalli dashbod. Jar fitila mai P, ko mai rubutun BRAKE ko PARK a motocin Amurka, idan ta tsaya cak, birki a kame yake, babu matsala. Idan tana ƙiftawa, an fara aikin bai ƙarasa ba, kada ka yarda cewa mota a riƙe take. Ruwan ɗorawa kuwa tana nufin ƙwaƙwalwa ta ga laifi ta rubuta. A leƙa man birki ma, domin idan ya yi ƙasa shi ma yana kunna jar fitila.

Sannan ya ce a kashe rediyo, wani ya zauna a ciki yana ja yana saki, shi kuma ya tsuguna a baya yana saurare. Lafiyayyen moto yana yin wani ɗan kuka na daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ya yi shiru. Wannan sauraron ne ke raba maka hanya:

Idan duka ɓangarorin sun yi shiru, nemi abin da suka haɗa: batir, fis, maɓalli, wayar da ke ɗaure a jikin bodi, ko ƙwaƙwalwa.

Idan ɗaya na kuka ɗaya shiru, da wuya a ce maɓalli ne. Laifin na ɓangaren da ya yi shiru ne: fis ɗinsa, wayarsa, soket ɗinsa ko motonsa.

Idan moto na ta gudu ba ya tsayawa, ko yana ƙarar gurzawa, wuta na zuwa, haƙoran da ke cikinsa ne suka cinye.

Idan ya yi gurnani kaɗan ya tsaya, ko dai wutar ba ta isa ba, ko kalifa ta cije da tsatsa.

Ranar da tamu ta fara, tayar dama ce kaɗai ta ƙi. Da an tsaya an yi wannan lissafin, da ba a fara da zancen ƙwaƙwalwa ba.

Mataki na 1: batir

Oga ya ce min, "Yaro, mota mai kwamfuta idan ta fara surutai, batir za ka fara tambaya." A sa mita a kan batir bayan mota ta huta wasu awoyi. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. Idan 12.2 ne, ya kai rabi. Ƙasa da 12, ya yi rauni. Lokacin da ake tayar da inji kada ya faɗi ƙasa da wajen 10. Idan inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7, in ya tsaya a sha biyu da 'yan kai, a duba altaneta.

Kada ku ce ai mota na tashi, batir lafiya yake. Batir na iya tayar da inji da ƙyar, amma wutar ta faɗi a daidai lokacin da motoci biyun nan ke ja tare, ƙwaƙwalwa ta tsayar da aiki a tsakiya. Tamu 11.9 ta nuna, ga farin gari a kan batir, ga kan ɗaya yana motsi da hannu. A wanke kan, a ɗaure tamau, a bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a jikin bodi a tabbatar babu tsatsa. Zafin garuruwa irin Jalingo da Yola yana cin batir da wuri, haka kuma motar da ta daɗe a jirgi da tashar Tin Can ba a tayar da ita ba.

Mataki na 2: fis

Murfin akwatin fis yana da zane a cikinsa, littafin mota ma yana da shi. A motoci da yawa wannan birki yana da fis fiye da ɗaya: manya biyu na hagu da dama, galibi masu amfiya 20 zuwa 30, da ƙarami na ƙwaƙwalwa. Ido na yaudara, a gwada da mita ko fitilar gwaji.

Idan ya ƙone, a sa mai lamba daidai da shi. In sabon ya sake ƙonewa nan take, waya na taɓa bodi a wani wuri ko moto ya cije, sai a nemo. Abin nan da ake yi na naɗa siririyar waya ko takardar sigari a madadin fis, a bar shi. Fis an yi shi ne don ya mutu a madadin ƙwaƙwalwa. Ka hana shi mutuwa, ita za ta mutu, in ma wuta ba ta tashi ba.

Mataki na 3: maɓalli da sharuɗɗansa

Wani lokaci babu abin da ya lalace, sharaɗi ne bai cika ba. Yawancin motoci ba sa saki sai an kunna su kuma ƙafa na kan birki. Masu saki da kansu idan ka taka totur suna so direba ya ɗaura bel, wasu har sai ƙofarsa na rufe. Mu da ba ma son bel, nan muke fara zargin mota.

Akwai ɗan makunni a saman fedar birki, shi ke gaya wa mota an taka. Ka sa wani ya tsaya a baya. Idan ka taka fitilun baya ba su kama ba, ka samu wanda ake tuhuma, kuma ba shi da tsada.

Maɓallin kansa yana zaune ne kusa da inda ake ajiye kofi. Lemo, shayi, kunun aya, duk nan suke zuba. Idan yana danƙo ko ba ya komawa wurinsa, a ciro shi a duba. Da na'ura mai kyau ana ganin ko saƙonsa na isa ƙwaƙwalwa yayin da ake ja da dannawa, ba sai an sayi sabo don gwaji ba.

Mataki na 4: waya da soket

A nan aka fi daɗewa, kuma a nan laifin tamu yake. Wayar da ke zuwa moton taya tana rataye ne a inda ya fi ko'ina wahala. Duk ramin da taya ta faɗa, wayar za ta lanƙwashe ta miƙe. Ruwa da taɓo na dukanta. Motocin da suka fito daga arewacin Amurka da Kanada sun riga sun sha gishirin da ake zuba wa titi don narkar da ƙanƙara, wasu kuma na gwanjo ne da ambaliya ta taɓa shanyewa. A ƙara da ruwan Legas, da masu wankin mota da ke harba ruwa mai ƙarfi cikin taya, da ɓeraye a gidan da ake ajiye dusa da hatsi.

Kafin kowa ya shiga ƙarƙashi: fili mai tauri ba gangare ba, giya a P, weji a tayoyin gaba, kuma kada a dogara da jak shi kaɗai. A kashe mota kafin a zare soket.

A zare soket ɗin da ke jikin moto a leƙa da tocila. Kore-kore, danshi, ƙafar da ta lanƙwashe ko ta yi baƙi, duk alamu ne. Sannan a bi wayar da yatsu taƙi bayan taƙi, musamman inda take lanƙwasa da inda aka maƙale ta a ƙarfe. Waya takan karye a cikin robarta, daga waje ka gan ta sumul.

Haka tamu ta yi. Bayan Oga ya mayar da wayoyin da aka yanke, hagu ya yi kuka, dama shiru. Ya sa mita a kan wayar daga wannan kai zuwa wancan, ya ce in riƙa girgiza ta a hankali. Ina zuwa wani wuri kamar taƙi ɗaya sama da soket, mita ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Ya tsaga robar, sai ga jan ƙarfen ya zama koren gari, silli biyu kawai suka rage. Roba ta ɗan tsage, ruwa ya shiga, ya yi ta ci a ɓoye.

Wani abin lura: silli biyun nan sun isa su sa mita ta ce waya na da rai, amma ba za su iya ɗaukar wutar moto ba. Shi ya sa gwani ke gwadawa da kwan fitila mai ɗan nauyi, ya ga ko zai haska sosai a lokacin da aka ja maɓalli. Wasu motocin kuma ba za su sake tura wuta ɓangaren da suka ga laifi ba sai an goge abin da suka rubuta, don haka rashin wuta a soket ba hujja ba ce cewa ƙwaƙwalwa ta mutu.

Gyaran ma da ƙa'ida. A yanke ruɓaɓɓen wurin, a sa waya mai kauri ɗaya, a yi mata dalma, a rufe da robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi. Murɗawa da hannu a naɗe da tef, damuna ɗaya ba za ta kai ba.

Mataki na 5: moto

Idan wuta na isowa soket da ƙarfinta amma shiru, sai a koma kan moto. Mita a kan ƙafafunsa biyu za ta nuna ƙaramin adadi, kusa da om ɗaya ko 'yan kaɗan. Idan ta nuna babu haɗi sam, ya yanke a ciki. A gwada da na ɗaya ɓangaren, ya kamata su yi kusa da juna. A duba jikinsa ma: roba ce, idan ta tsage ruwa ya shiga. Dabara mai sauƙi ita ce musanya na hagu da na dama in iri ɗaya ne. Idan laifin ya bi moto ya koma ɗaya ɓangaren, shi ne. Idan ya tsaya inda yake, waya ce ko kalifa.

Kalifar da ta cije da tsatsa tana sa moto ya sha wuta fiye da ƙima, ƙwaƙwalwa ta rubuta laifin lantarki alhali matsalar ta ƙarfe ce. In aka sa sabon moto ba a gyara ta ba, shi ma zai bi na farko.

Mataki na 6: na'ura, sannan ƙwaƙwalwa

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. In akwai ta a kusa, a jona tun da wuri, tana rage wahala. Amma ku sani, 'yar ƙaramar nan mai araha da ake haɗawa da wayar hannu, yawanci inji kawai take karantawa. Za ta ce babu laifi alhali fitila na kunne. A nemi wadda ke shiga ɓangaren birki. Lambobin da suka fara da P na inji da giya ne, masu C na birki da ƙafafun mota, masu U kuma na nufin ƙwaƙwalen motar ba sa jin juna.

A ɗauki hoton lambobin kafin a goge. Kuma lamba unguwa take nunawa, ba gida ba. Idan ta ce da'irar moton dama a buɗe take, moton ne, ko soket, ko waya, ko fis. Sai an bi. Na'urar auna gudun taya ta ABS ma idan ta lalace tana iya kunna fitilar hambirki, tunda ƙwaƙwalwa ba ta san ko mota a tsaye take ba.

Wani lokaci ma gyaran na manhaja ne. A 2016 kamfanin Honda ya kira Civic kusan 350,000 a Amurka don sabunta manhajar wannan birki. Duk mai motar Amurka zai iya sa lambar bodinta mai haruffa da lambobi 17 a shafin hukumar NHTSA ya ga ko akwai kiran da ba a amsa ba.

Ƙwaƙwalwa tana mutuwa, ba a ce ba ta yi ba, musamman in ruwa ya shige ta ko an jona batir a juye. Amma ita ce ta ƙarshe a layi. Kafin ka biya, mai gyara ya nuna maka cewa wuta na shigarta, wayar bodinta lafiya, saƙon maɓalli na isa, wayoyin moto lafiya, amma ba ta fitar da komai. Kuma ta Ladipo ko Mgbuka Obosi ko Ikoku, sau da yawa sai an daidaita ta da motar da na'ura kafin ta yi aiki.

Mu dai abin da muka kashe, waya da dalma da ladan Oga, bai kai kuɗin ɗan akuya ba. Sabon batir ne ya ɗan ci kuɗi.

Idan ya kama ka a hanya

A ce tsakanin Katsina-Ala da Zaki Biam ne, babu gwani kusa. Kashe mota, jira minti biyu, tayar, ɗaura bel, taka birki sosai, ja maɓalli sannan ka danna. Bai yi ba, duba kan batir da fis. In batir ne, a jona da na wata mota, ja da ja, a kula kada a juya.

Idan duk bai yi ba, mai waya zai iya zare soket daga jikin moto ya ba moton wuta kai tsaye na ɗan lokaci kaɗan. Juya wayoyin ne ke sauya kamu zuwa saki. Moton kaɗai za a ba, bayan an raba shi da wayar mota. Wutar da aka tura ta wayar da ke komawa ciki ita ke ƙona ƙwaƙwalwa. Ko kuma a kwance moton a juya sukurun da hannu. Wasu masu igiya suna da abin ja na gaggawa, littafin mota zai nuna wurinsa. A sa weji kafin a saki, domin tana saki za ta iya tafiya.

Kada a ja ta da ƙarfi taya na kame, kada a tuƙa a ce zai saki a hanya. Faifai zai yi zafi, man birki na iya tafasa, birkin ƙafa ma ya tafi. In janwe za a kira, wanda zai ɗora ta gaba ɗaya a bayansa.

Kuma sakin gaggawa ba gyara ba ne. Kuskurenmu ke nan. Abin da ke riƙe mota a P wani ɗan ƙarfe ne kamar yatsa a cikin giya. Duk wanda ya hau Mambila daga Mayo Selbe zuwa Maisamari ya san akwai wuraren da ba za ka bar wa yatsa ɗaya nauyin jif ba. Ban da haka, a yawancin motocin nan idan birkin ƙafa ya ba ka matsala kana tafiya, jan maɓallin ka riƙe yana rage gudu har mota ta tsaya. Wanda ya yanke waya yana iya raba ka da wannan ma.

Ranar canjin takalmin birki

Matsaloli da yawa a nan ake haifarsu. Bakanike ya saba matse fistin da ƙarfi ya koma. A wannan birki akwai sukuru a bayan fistin, sai an sa mota a yanayin gyara, abin da suke kira sabis mod, moto ya janye shi tukuna. Wasu motocin da na'ura ake yi, wasu da fedoji da maɓalli. Bayan an gama a fitar da ita daga yanayin, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri, a ja a saki sau biyu ko uku. Kada kowa ya taɓa maɓalli kalifa na rataye, fistin zai fito waje. Ka tambayi bakanike tun kafin ya kwance taya, "Oga, yaya za ka mayar da fistin?" In ya nuna maka ƙarfen matsewa kawai, ka ɗauki motarka.

Ga masu saye su aiko gida

Baba ba ya biyan kuɗin sa sai ya buɗe bakinsa, ya sa an kora shi ya ga tafiyarsa. Ku yi wa mota haka. Da an kunna ta kafin inji ya tashi, fitilun dashbod su kama duka sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an rufe ta ne. Ku ja ku saki sau biyar kuna sauraron ɓangarorin biyu. Ku nemi ɗan gangare, ƙafa kusa da birki, giya a N, ku ga ko ta riƙe. Ku leƙa bayan tayoyin baya, in kun ga baƙin tef ku tambayi dalili. Ku ɗaga kafet ku duba busasshen taɓo ko warin ruma. Ku biya mai na'ura ya karanta duk ɓangarorin motar kafin ku biya dila. Ku auna batir, in ya yi rauni ku canza kafin ta kama hanyar Arewa, ku jefa fis na ajiya a aljihun mota.

Abu na ƙarshe, ku kira wanda za a kai wa motar ku koya masa maɓallin, har da yaran gidan da za su riƙa ɗauka. Ku gaya musu fitila mai ƙiftawa ba ado ba ce, kuma duk ranar da wani ya ce a yanke waya a huta, su kira ku tukuna.

Maƙwabcinmu ya gyara dakalinsa, yara sun koma karatunsu a kai. Ƙanena kuwa har yau in zai buɗe get sai ya sa P, ya ja maɓalli, ya tsaya ya ji kukan tayoyin biyu kafin ya sauke ƙafa. Allah ya tsare mana hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.